Daji Ma Yana Renon 'Ya'ya: Tafiyata Zuwa Gashaka-Gumti

Akwai wani abokin aikina a makarantar sakandaren da nake koyarwa a Kano, mutumin jihar Taraba, malamin labarin ƙasa. Mun daɗe tare, amma wasu halayensa na kasa gane inda ya samo su. Ba ya ɗaga murya, ko da aji ya kaure da surutu. In muna tafiya a ƙasa, sai ya dubi inda zai taka kafin ya dubi wanda ke tahowa. Da damina yakan leƙa sama ya ce wannan hadarin wucewa zai yi, wancan kuma a kwashe shanya, da wuya kuma maganarsa ta faɗi ƙasa. Ba ya wuce bishiya bai faɗi sunanta ba. Duk lokacin da na tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Malam, sai ka je ka ga inda aka binne cibiyata." A ƙauyen Gashaka aka haife shi, a bakin gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya. Da aka yi hutun ƙarshen shekara, hunturu ya kankama, sai muka ɗauki hanya.

Daga Kano zuwa Gombe, zuwa Numan, zuwa Jalingo, babu abin faɗa sai tsawon hanya da gajiya. A wurina tafiyar ta soma ne bayan mun bar Jalingo mun yi kudu, mun wuce Garba Chede, mun haye gadar Kogin Taraba a Bali. Daga nan ƙasa ta shiga hawa da gangara, duwatsu suka riƙa ɓullowa cikin hazo. Abokina, wanda tun daga Kano bai cika magana ba, sai bakinsa ya buɗe. Ga maje, ga kirya, ga marke, ga maɗaci a bakin rafi, ga giginya can nesa. Amma wadda yake nema da ido sai jefi-jefi ake ganinta, wato madobiya. Yanzu ne lokacin da take kakkaɓe ganye ta yi fure rawaya, ƙudan zuma su yi ta kai-komo a kanta, makiyaya kuma da ganyenta suke cetar shanu idan ciyawa ta ƙare. A shekarun 2010 'yan katako suka far mata, suna kiranta madrid, ana loda gungumenta a tirela zuwa Legas, daga can a yi ƙasar Sin da su a sassaƙa kujeru da gadaje masu tsada. A 2017 aka saka ta cikin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta ƙayyade cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, amma kafin nan an riga an yi aika-aikar. Na lura abokina ba zancen doka ko kuɗi yake yi ba. Kututturan yake nuna mini ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna kaburburan dangi.

Serti ce hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka. A nan fadar Lamɗo Gashaka take, a nan kuma ake karɓar izinin shiga gandun, a haɗa baƙo da renja, wato mai gadin gandun. An kafa gandun Gashaka-Gumti na ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba, ta hanyar haɗe gandun Gashaka da na Gumti waɗanda aka keɓe tun 1972. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 6,700 ne, ya ratsa Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A kan iyakar nan Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Yankin kansa bai daɗe da zama Najeriya ba. Jamusawa ne suka fara riƙe shi a cikin Kamarun, har yau akwai kufan ganuwarsu a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Jibu da Ndoro da Fulani da Hausawa da wasu ƙabilu duk suna zaune a wurin, Hausa da Fillanci ne harsunan kasuwa.

Daga Serti muka hau babura. Hanya ce ta ƙasa mai ratsa rafuka, da rani ana tsallakewa, da damina kuwa ruwa kan yanke ta. Muka isa gidansu abokina da la'asar sakaliya. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai ƙarfin jiki, ta tarbe ni da cewa, "Sannu da zuwa ɗana, kun sha hanya." Na durƙusa na gaishe ta, na kira ta Inna kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa da bandar kifi, aka biyo da zuma a kwanon sha, baƙa, mai kauri, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. A nan na haɗu da yayan abokina, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, bai yi boko mai nisa ba, bai kuma taɓa barin ƙauyen ya zauna wani wuri ba. Ni ma Yaya na riƙa ce masa. Shi ne ya zama jagoranmu.

Kashegari, kafin mu shiga daji, Inna ta ce a fara kai ni gona. An riga an girbe masara, sai karmami da kara, amma rumfar tsaro tana nan, an ɗaga ta a kan itatuwa huɗu yadda mai zama zai hango gonar gaba ɗaya. A wannan rumfa 'ya'yan Gashaka suke yin yarintarsu. Daga ranar da masara ta fara goyo har a karya ta, tun asuba yaro zai hau da majajjawa da tarin duwatsu da tsohon kwano na kaɗawa, ba zai sauka ba sai magariba. Abokan gabarsa gwaggon biri ne, wanda a can suke ce wa gogo, da ƙananan birai. Da dare kuma manya su karɓa saboda aladen daji da beguwa. Yaya ya ce gogo ya san namiji ya san mace, ya san babba ya san yaro. Yaro ba ya ba shi tsoro, don haka ba a korarsa da ƙarfi, sai da wayo. Dole ka san ta inda garken ya kwana, ta wace kusurwa ya shigo jiya, wane ne uban garken, kuma idan ka ga wasu suna wasa a gabanka a fili, to ka waiwaya, ɓarayin suna bayanka.

Na tsaya a gindin rumfar nan ina tunanin ɗaliban da nake koyarwa, waɗanda minti goma na shiru ke gagararsu. A nan yaro ɗan shekara bakwai ko takwas yana wuni shi kaɗai, abincin gidansu na shekara yana wuyansa, in ya yi gyangyaɗi na ɗan lokaci za a gani a rumbu. Babu mai tsaye a kansa da bulala. Masu binciken da suka bi garken gogon da ke kusa da ƙauyen sun gano cewa masu satar amfanin gona sun fi na cikin kurmi saurin sake haihuwa, saboda ƙoshi. Ke nan kowace shekara abokan karawar yaran ƙaruwa suke. Na dubi abokina yana shafa ɗaya daga cikin itatuwan rumfar, na fara gane dalilin da ya sa yake iya tsayawa gaban aji ya yi shiru har sai ajin ya yi shiru don kansa.

Daga ƙauyen akwai tsohuwar hanyar ƙafa da ta bi ta Kwano ta haura tsaunuka, wadda fatake da makiyaya suka daɗe suna bi. Ita muka kama da sassafe, Yaya a gaba, ni da abokina a tsakiya, renja a baya da bindigarsa. Da farko daji ne irin wanda na saba gani, dogayen ciyayi da itatuwa tsilli-tsilli. Amma duk inda rafi ya ratsa sai a faɗa kurmi mai duhu da sanyi, bishiyoyi sun haɗe kai a sama, rana ba ta taɓa ƙasa. Ruwan saman da ake samu a nan a shekara ya fi na Kano nesa ba kusa ba, shi ya sa ko a tsakiyar rani rafukan ba sa ƙafewa.

Tun da muka shiga, Yaya ya daina magana da baki, ya koma yi da hannu. Ya ɗaga tafin hannu, a tsaya. Ya nuna ƙasa da leɓe, a duba. Abin da ni nake gani ƙura da busasshen ganye, shi labari yake karantawa. Nan ɓauna ta wuce, ba ɗaya ba, kuma da daren jiya ne, don raɓa ta sauka a kan sawun. Nan mazo ya tsaya ya ci toho. Wannan kashin na damisa ne, ga gashin gada a ciki. Ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya sauya mana gefen da za mu bi. A wata mashaya ya sa muka durƙusa a bayan dutse, muka yi ta jira har ƙafata ta yi sanyi, sai ga gwanki biyu sun fito, suka daɗe suna kallon ko'ina kafin su sunkuya. Da suka tafi na tambaye shi cikin raɗa yadda aka yi ya san za su zo. Ya ce, "Tsuntsaye ne suka faɗa, Malam. Ba ka ji sun sauya kuka ba?" Masana sun lissafa tsuntsaye fiye da iri 500 a gandun nan. Yaya bai san wannan adadi ba, amma ya san wanda ke kuka in ya ga maciji, da wanda ke kuka in ya ga mutum, da ƙaramin nan mai bin mutum yana ƙara har sai ya kai shi kogon da zuma take. Ya ce ubansu ya hore su, duk wanda tsuntsun nan ya kai ga zuma, to ya bar masa saƙa a kan dutse, kada ya kwashe duka.

Kwano tsohon ƙauye ne da aka tashi, daga baya ya zama sansanin masu bincike. A shekarar 2000 wani farfesa na wata jami'a a Landan, Volker Sommer, ya kafa aikin nazarin birai a wurin, aka yi shekaru ɗalibai daga Najeriya da Turai suna zuwa. Yaya na cikin samarin ƙauyen da suka yi musu jagora. Abin da ya kawo su shi ne babban birin nan mara wutsiya, wanda mutanen wurin ke kira biri mai ganga. Irin wanda ke nan ba a samunsa ko'ina a duniya sai Najeriya da Kamaru, ana ƙiyasta duka-duka ba su wuce 9,000 ba, kuma kusan 1,000 daga ciki a wannan gandun suke.

Ban gan shi da idona ba, don ba ya yarda da mutum. Amma na ji shi. Muna zaune bakin rafi da hantsi sai kurmin ya ɗauki wani ihu mai hawa yana ƙaruwa, ya ƙare da dukan da ya ratsa ƙirjina, dum dum dum. Faffaɗan saiwoyin manyan bishiyoyi yake duka da hannu da ƙafa, sautin yana tafiya nesa. Yaya ya yi murmushi irin wanda ban ga ya yi ba tun zuwana. Ya kai mu gindin wata bishiya ya nuna sama, ga sheƙunan da suka kwana a ciki, don kullum da yamma kowannensu kan lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci. Can gaba ya tsinto wasu tsinkaye dogaye, an zage musu ganye, bakinsu ya tauje. Da su birin ke zura wa ramin kwarkwasa, in sun hau ya sharɓe, da wasu kuma yake tono zumar galla. Wani abin mamaki, gara tana nan da yawa, 'yan uwansa na wasu ƙasashe suna cinta, amma na Gashaka ba ya kula ta. Yaya ya ce kowane gida da abin da uwa ta koya wa 'ya'yanta. Ya mayar da tsinkayen daidai inda ya ɗauke su.

A daren nan, a bakin wuta, ya ba ni labarin mahaifinsu. Maharbi ne, da bindigar toka ya ciyar da su. Amma yana da dokoki. Ba ya harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa, ba ya kashe abin da ya fi ƙarfin gida da maƙwabta, ba ya zuba guba a ruwa don kifi, biri mai ganga kuwa ko nuna shi da bakin bindiga ba ya yi. Musulmin yankin ba sa cin naman biri, wannan na cikin dalilan da suka sa birai suka tsira a nan alhali an cinye su a wasu dazuzzukan. Daga wurin uban nan Yaya ya koyi duk abin da ya nuna mini, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai ilimin da ya ciyar da uba ta hanyar harbi, shi ne doka ta haramta wa ɗa bayan an kafa gandu. Yaya ya ce ya yi shekaru yana jin haushi, yana ganin an ƙwace musu gadonsu. Da ya fara aiki da masu bincike, wasu abokan yarintarsa suka ce ya sayar da daji ga baƙi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, mafarautan da ke shigowa yanzu ba irin Baba ba ne. Daga nesa suke zuwa, su shimfiɗa tarkon waya ɗari, abin da ya ruɓe ya ruɓe. In ban tsaya tare da masu gadi ba, da wa zan tsaya?" Renjan da ke tare da mu, saurayi ne ɗan wani ƙauye na kusa, ya gyaɗa kai. Shi ma ɗan maharbi ne.

Hawan tsaunin ya ci ƙarfina, ba zan tsawaita a kai ba. Ana fita daga kurmi a shiga ciyawa, a sake faɗawa wani kurmin, iska tana ƙara sanyi, har aka kai inda itatuwa suka ƙare sai tuddai masu gajeriyar ciyawa iya ganinka, da ƙananan kurmi a maƙale cikin kwazazzabai. Nan ne yankin Selbe da Chappal Hendu. Gandun Gashaka-Gumti ya bambanta da yawancin gandayen ƙasar nan ta wannan fuska: akwai wuraren da aka keɓe a cikinsa inda doka ta yarda mutane su zauna, su yi noma da kiwo. Fulani sun hauro nan da shanunsu ne saboda a kan tudu babu tsando, ƙudan da ke kashe shanu a kwari.

Muka sauka a rugar wani Arɗo. Aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo kindirmo. Sanyin daren wurin ban taɓa jin irinsa ba, har cikin ƙashi. Da asuba na fito na tarar da wani yaro, bai fi shekara goma ba, yana kwance maruƙa daga dangwali, ba riga mai kauri, ba takalmi. Ya kira wata saniya da sunanta daga cikin garke, ta ɗago kai ta taho. Na bi shi kiwo da hantsi. Ya san ciyawar da ke kumbura ciki, ya san gangaren da ƙasa ke zamewa, ya san kwazazzabon da damisa ke fakon maraƙi. Da na tambaye shi ko ba ya jin tsoro, sai ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce, "Baffa, ai ita ma tana jin tsorona." A nan na tuna cewa mutanen Makka sukan kai jariransu ƙauye a rena su, kuma a hannun Halimatus Sa'adiyya, cikin Banu Sa'ad, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi farkon yarintarsa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Mun san wannan tun muna makarantar allo, amma a birni mun mayar da "ɗan daji" zagi. Alhali inda kasuwar Kurmi take a yau ma daji ne mai duhu a bakin Jakara kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar a ƙarni na 15.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don Arɗo bai ɓoye mini ba. Ya ba ni labarin bushiyar 1983, annobar da ta kwantar da garkuna, ta haɗa har da ɓaunar daji, wasu masu shanu suka wayi gari da sanda kaɗai. An kawar da cutar daga duniya a 2011, amma shi har yau da ita yake lissafin shekarun 'ya'yansa. Ya ce idan naƙuda ta yi wa mace gardama, a kan itace ake ɗaure ta, maza su yi karɓa-karɓa su gangara da ita, wata a isa, wata a dawo da gawa. Makaranta tana nesa, malami in an turo shi ba ya daɗewa. A ƙauyukan kwari kuma na ga tsofaffi da yara ke ja musu sanda, waɗanda cizon ƙananan baƙaƙen ƙudajen bakin rafi ya makantar kafin a fara rabon maganin Mectizan, wanda ake auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi. Ga kuma saɓani da hukumar gandu kan toyi, kan yawan shanu, kan baƙin garkunan da ke kwararowa da rani. Arɗo ya ce, "Su suna ƙirga birai, mu ba a ƙirga mu." Maganar ta tsaya mini a rai, domin ban ga ƙarya a cikinta ba. Dajin da ya ba yaron nan natsuwa da ƙarfin zuciya, shi ne kuma yake iya ɗauke masa uwa a kan hanyar asibiti.

A hanyar dawowa ne 'yan uwan biyu suka yi wata magana a gabana wadda na ga alama sun daɗe suna yinta. Abokina ya ba da labarin shigarsa makarantar kwana, yadda yara suka riƙa yi masa dariya don ya kasa barci a ɗaki mai ƙyauren ƙarfe, yadda ya koyi ɓoye abin da ya sani don kada a ce masa bagidaje. Ya ce a Kano har yau ƙarar janareto na hana shi barci, a nan kuma ƙafarsa ta yi laushi, kunnensa ya toshe, tsuntsun da Yaya ke ji shi sai an nuna masa. Yaya ya ce masa, "Kai ka tafi da rabi, ni na zauna da rabi." Ya ce shi ya san kowane rafi daga nan har iyaka, amma ranar da aka zo da takarda a kan gonarsu sai da ya nemi mai karanta masa.

Abin da na fahimta, kuma na yarda da shi, shi ne tashi a daji tarbiyya ce cikakkiya, ba rashin wayewa ba. Wanda ya tashi a nan ya saba da cewa duniya ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai masu rai da suka riga shi zuwa mashaya, akwai ruwan da in ya cika dole ya jira, akwai kuskuren da ba a ba da haƙuri a kansa. Daga nan rashin gaggawarsu ya fito, da ƙarancin maganarsu, da yadda ba sa cewa sun san hanya in ba su sani ba, don a daji wannan ƙaryar kisa take yi. Haka kuma daga nan ne rashin sakin jikinsu da baƙo ya fito, da shakkar duk abin da ya zo daga ofis. Kuma dajin ya dogara da su kamar yadda suka dogara da shi. Rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan nan, irin su Mayo Kam da Gamgam, su ke cika Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, inda miliyoyin mutane ke sha, suna su, suna noman rani. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa don kula da wurin, ana ɗaukar renjoji daga ƙauyukan kewaye ana horar da su. Wannan ya yi daidai a ganina, domin ana iya koya wa mutum riƙe bindiga da na'urar nuna hanya cikin 'yan watanni, amma karanta sawu a kan busasshen ganye sai wanda ya fara tun yana kan rumfar tsaro. Abin da ya rage shi ne a kai wa mutanen nan asibiti da makaranta inda suke, kada ya zama sai yaro ya bar dajin kafin ya samu karatu.

Da muka koma ƙauyen, aka zauna a ɗakin Inna kan maganar babban ɗan Yaya, wanda ya gama firamare. Abokina yana so ya tafi da shi Kano ya sa shi sakandare. Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: duk dogon hutu, lokacin da masara ke goyo, a dawo masa da yaron ya hau rumfa, ya kuma bi shi Kwano ko da sau ɗaya ne. Abokina ya ce kuɗin mota daga Kano zuwa Serti ba kaɗan ba ne. Inna ta ce a sayar da zuma, in bai isa ba akwai akuyarta. A kan haka aka tsaya, aka yi fatiha, aka sa ranar da yaron zai taho bayan an buɗe makarantu.